Kwata Kilo Ya Ishi Mutum Huɗu: Taliya Da Naman Da Na Koyo A Japan

Yau tafiya mai nisa za mu yi, don kicin ɗin da zan leƙa da ku yana can ƙasar Japan, inda agogonsu ya riga namu da awa 8 cur. Amma kafin mu ɗora tukunya sai kun yi haƙuri kun ji yadda aka yi na koyi girkin, domin kuwa ba don marmari na koye shi ba, kuka ne ya kai ni.

A shekarar 2017, aurenmu bai cika shekara ba, maigidana ya sami gurbin ƙaro karatu a fannin aikin gona a can. Ya riga ni tafiya, bayan wata 6 na bi shi. Sunan garin Takamatsu, shi ne babban birnin jihar Kagawa a tsibirin Shikoku. Ranar da zan tashi ƙawaye sai guɗa suke yi, wai na haye, ni ma kaina har wani yauƙi nake. Ba wadda ta gaya mini ɗakin da zan tarar bai kai ɗakin ajiyar Hajiyarmu girma ba, kicin ɗin kuwa in na miƙa hannu biyu sai na taɓa bango da bango, ga murhun gas mai kai ɗaya tal.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar nama. Kantunansu cike suke da nama, to amma na alade ya yi yawa, na shanun kuma ba yankan Musulmi ba ne. Saboda haka sau ɗaya a wata maigida yakan tafi birnin Kobe, inda masallacin da ya fi kowanne daɗewa a ƙasar yake, tun 1935 aka gina shi. A kewayensa akwai 'yan shagunan da ake sayar da naman halal a daskare. Can yake ciko mana jaka, ya dawo da kilo 2 na naman sa. Kilo 2 ɗin nan shi ne na wata guda, don kuɗin ɗalibi ba su wuce haka ba.

Ni kuwa 'yar gidan yawa, abin da na tashi na ga ana yi shi na yi. Na datsa naman manya-manya, na zuba albasa na tafasa shi awa guda har ya sallama, na tsame na soya shi cikin mai ya yi ja, sannan na jefa a miya. Kun dai san yadda nama yake ƙanƙancewa in ya sha tafasa ya sha suya. Kwana 9 firiza ta koma wayam.

Daren da abin ya fito fili, ya dawo wajen ƙarfe 10 a gajiye, na ajiye masa shinkafa da miyar da babu ko ƙashi a ciki. Ya juya cokali sau biyu ya ɗago kai.

"Amarya, naman fa?"

Na ce, "Ya ƙare."

"Ya me?"

Na maimaita. Ya yi shiru ya ajiye cokalin, sannan ya ce, "Nan fa ba Kano ba ce, babu mahaucin da zai leƙo ƙofar gida ya ba ki bashi zuwa ƙarshen wata."

Wallahi da ya tsaya a nan da na haɗiye. To amma ga kewar gida, ga sanyi, ga wuni ni kaɗai ba mai ce mini kanzil, sai kawai na ji bakina ya ce, "Ai ni ma ban ce a kawo ni ba." Magana zarar bunu. Kwana 3 muka yi daga ina kwana sai sannu da zuwa, a ɗakin da ko juyi ka yi sai ka taɓa ɗan'uwanka.

A safiyar kwana na huɗu na sauko da shara. Su a can kowace irin shara da ranarta, ta ƙonawa daban, kwalabe daban, gwangwani daban, ni kuwa da idona ya kumbura na haɗa komai a leda ɗaya na dire. Sai na ji an riƙe mini hannun riga. Wata 'yar tsohuwa ce da take zaune a ƙasan benenmu, gajeruwa, kanta fari fat, ta ɗan ranƙwafa. Yaran unguwa suna ce mata obacan, wato kaka, ni ma haka na riƙa kiranta har na baro ƙasar. Ta buɗe baki za ta yi mini faɗa, da ta dubi fuskata sai ta fasa. Ta durƙusa ta rarrabe sharar da hannunta, ta miƙe ta shafa cikinta tana tambayata da ido, wai ko na ci abinci? Ban san lokacin da hawaye ya sake zubo mini ba.

Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma cikin kwanakin nan da hannu da ka da 'yan kalmomin da na tsinta sai da ta fahimci inda gizo yake saƙa. Da maigida ya ƙuƙuta ya sake zuwa Kobe ya kawo wani naman, washegari da la'asar sai ga ta a ƙofata da kwando: taliya, albasa, lawashi, ƙullin ƙananan busassun kifi da kwalabe biyu.

Na ciro naman na ɗauki wuƙa zan datsa yadda na saba, sai ta daka mini tsawa, "Dame! Dame!" Wato a'a, ba haka ba. Ta karɓi wuƙar. Naman bai gama sakin ƙanƙara ba, ashe haka take so. Ta kwantar da shi a katako ta shiga fere shi sala-sala, kowace sala sai ka hango hasken taga ta cikinta. Nan take na tuna masu kilishi na gida. Ɗan guntun da ni zan yi masa yanka huɗu, ita sai da ta cika faranti da shi. Na tsaya baki buɗe.

Daga nan ta ɗauko kwalba ta farko za ta tsiyaya. Allah Ya taimake ni, maigida ya riga ya nuna mini yadda suke rubuta giya da rubutunsu, na kuwa hango shi a jikin takardar kwalbar. Na riƙe hannunta na girgiza kai. Abin da ke ciki suna ce masa mirin, wani ruwa ne mai zaƙi da ake yi da shinkafa, kuma akwai barasa a cikinsa wajen kashi 14 cikin 100. Shi da sake, giyar shinkafarsu, ba su cika rabuwa da tukunyar mutanen Japan ba, don haka duk wadda ta ga wannan girki a wani wuri ta lura da sunayen nan biyu. Na zaci tsohuwa za ta yi fushi. Ina! Ta mayar da kwalbar cikin kwando, ta nuna gwangwanin sukarina, ta ɗaga yatsu biyu.

Sukari a nama! Na san yanzu wata ta yatsine fuska, ni ma haka na yi. Ku dai biyo ni.

Kwalba ta biyu ita ce shoyu, wadda masu kanti a nan gida suke ce wa soya sos. Waken suya ne da alkama da gishiri ake tsimawa wata da watanni har su zama baƙin ruwa mai ƙanshi, kusan dai hikimar daddawarmu ce aka bi ta wata hanya. Wajen tsimuwar akan sami ɗan burbushin barasa, wasu kamfanonin ma suna ƙarawa don kada ta lalace, shi ya sa mu mai tambarin halal muke saye. Tawa na miƙa mata, ta shinshina ta gyaɗa kai.

Kafin minti 20 ga kwano biyu a gabanmu suna tururi. Farar taliya mai kauri a ƙasa, romo garai-garai kamar ruwan shayi, nama da albasa a tsakiya, koren lawashi a sama. Sunan abincin niku udon. Niku nama ke nan, udon kuma ita ce taliyar. Na kai loma ɗaya na rasa abin cewa. Naman da bai fi minti 3 a wuta ba ya fi wanda nake wahalar da shi awa guda laushi, kuma ɗanɗanonsa yana jikinsa bai gudu cikin ruwan tafashe ba. Tsohuwa kuwa ta kafa kai tana zuƙar taliya da ƙara, fuuut, fuuut. A gidanmu da yaro ya yi haka sai ya sha ranƙwashi, su a wajensu ba abin kunya ba ne, haka ake shan taliya mai zafi.

Daga baya na gane ashe a gidan taliyar na sauka. A duk Japan ba jihar da ta kai Kagawa ƙanƙanta, kuma ba wadda ta kai ta suna a udon, har a 2011 hukumar jihar ta fito da talla tana kiran kanta Jihar Udon. Dalilin kuwa a ƙasarsu yake. Ruwan sama bai wadace su ba, noman shinkafa yana ba su wuya, sai suka riƙe alkama. Gishiri suna samu daga bakin tekunsu, shoyu daga tsibirin Shodoshima, ƙananan kifin romo kuma, waɗanda suke kira iriko, daga tsibirin Ibuki. Fulawa da ruwa da gishiri su ke nan kayan taliyar, amma kwaɓin yana da tauri ƙwarai, shi ya sa sukan naɗe shi a leda su hau da ƙafa suna takawa. Na taɓa ganin obacan tana yi, ta dafa bango tana tattaki kamar mai kwaɓar ƙasar gini, na yi dariya har da riƙe ciki.

Shi kuwa naman sa baƙo ne a tukunyarsu in aka kwatanta da kifi. Tun shekarar 675 wani sarkinsu mai suna Temmu ya hana cin naman shanu da doki da kaza da wasu dabbobi a watannin noma, sarakunan baya suka yi ta sabunta hani irin wannan, aka shafe shekaru wajen 1,200 yawancin jama'a suna ƙyamar nama. Sai a 1872 aka bayyana cewa Sarki Meiji ya ci naman sa, sannan mutanen birni suka saki jiki. Ga shi kuma ba a kawo wuƙa wajen cin abinci, da 'yan sanduna biyu ake ci, dole a yanka komai daidai loma tun daga kicin. Nama a wajensu abokin tafiyar taliya ne ko shinkafa, ba a jibga shi.

Daren nan na sake yin girkin da hannuna. Na lissafa sai da na ji motsin kekensa a ƙasa sannan na zuba nama a kasko, yana cire takalmi ina ajiye kwano. Ya dubi kwanon ya dube ni.

"Wa ya kawo mana wannan?"

Na ce, "Ba wanda ya kawo."

Ya ci ya shanye romon tas, ya ɗaga kwano ya kafa a baki kamar ɗan ƙasa. Can ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, "Naman nawa kika taɓa?" Na buɗe firiza na nuna masa. Na riga na kasa kilo biyun nan kashi 16, kowane ƙulli na girki ɗaya. Ya daɗe yana kallon ƙullin nan, sannan ya ce, "Amarya, ki yafe mini maganar rannan." Ni da nake ta tanadin yadda zan fara ba shi haƙuri, sai ga shi ya riga ni. Sauran zancen na cikin ɗaki ne, ba na mujalla ba.

To uwargida, ga yadda za ki yi naki na mutum 4, da abin da za ki samu a kasuwarmu.

Ki fara da nama, don shi ne gaba ɗayan sirrin. Kwata kilo ya isa. Shanunmu masu tafiyar kiwo ne, namansu ya fi na can tauri, saboda haka ki ce wa mahauci ya ba ki lallausar tsokar nan da take kwance jikin ƙashin baya, mai ɗan ratsin kitse, kada ya haɗa miki da jijiya. Ki sa a firiza kamar minti 45 ya ɗan sandare, ki wasa wuƙa, ki duba inda zaren naman ya miƙa ki yanka a gicciye, ba a tsaye ba. Gicciyen nan shi yake datse zaren, ya sa haƙori ba ya wahala. In wutar lantarki ta yi halin nata, kada ki wahalar da kanki, ki aika wa mai tsiren unguwa ki ce ya yi miki yankan kilishi, ya ma fi mu iyawa. Kowace sala ki rage mata tsawo daidai loma.

Sai romo, wanda suke kira dashi. Ki sami ƙananan busassun kifi cikin tafin hannu ɗaya, ki cire kawunan da baƙin cikin nan, in kin bar su romon zai yi ɗaci. Ki jiƙa su a ruwa kofi 5 tun kina yankan nama, sannan ki ɗora a wuta marar ƙarfi minti 10, kina kwashe kumfa, ki tace. In babu ƙanana, guntun kifi banda wanda bai yi hayaƙi da yawa ba zai yi. A cikin ruwan da kika tace ki zuba soya sos babban cokali 3, sukari ƙaramin cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali, ki ɗanɗana. Ki nemi soya sos mai ruwa-ruwa, ban da mai kaurin nan baƙa ƙirin, ita za ta mayar miki da romo kamar tawada. Kuma don Allah ki riƙe hannunki, ban da tumatir, ban da kori, ban da mai. Na san da wuya, ni ma sai da na yi yaƙi da zuciyata.

Wata za ta ce ina magi? Ai farin magin nan Ajinomoto da muke barbaɗawa a miya daga irin wannan romo aka samo shi. A 1908 wani malamin kimiyya a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya binciki abin da yake sa romon kombu daɗi, wani ganyen teku ne da suke dafawa, ya ware sinadarin, ya raɗa wa ɗanɗanon suna umami, a 1909 aka fara sayar da shi. Kifin da soya sos sun riga sun kawo miki wannan daɗin. In kin ji bai kai miki ba, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka ya wadatar.

Yanzu ki ɗora ruwan taliya a tukunya babba. Ana samun udon busasshiya a wasu manyan kantuna, in kin dace ki bi lokacin da aka rubuta a ledar, kuma kada ki sa gishiri a ruwan don da gishirinta. In ba ki samu ba, ni a wajena taliyar Hausa 'yar murji ta fi kusa da ita, musamman in an murza ta da kauri. Supageti ma yana yi. Har Indomie na taɓa yi da ita ranar da baƙi suka yi mini dirar mikiya, sai dai na ajiye ƙullin kayan ɗanɗanonta gefe. Ita Indomie ta mutanen Indonesiya ce, amma dabarar taliya mai nuna nan take wani mutumin Japan ne, Momofuku Ando, ya fito da ita a 1958. Kowacce kika dafa, da ta nuna ki juye a matsami ki wanke da ruwan sanyi kina murzawa da hannu har santsin ya fita. In kin tsallake wankin nan romonki zai yi kauri ya dagule.

Taliya tana wuta ki yi naman. Ki ɗebi rabin kofi daga romon ki zuba a kasko, ki sa sukari babban cokali 2 da babbar albasa 1 da kika yanka siri-siri, su yi minti 3 albasar ta yi laushi. Sukari ake fara sawa kafin gishiri, wannan ƙa'ida ce da kowace 'yar Japan take haddacewa tun tana yarinya, don in gishiri ya riga shiga, zaƙin ba ya ratsa abinci. Sannan ki zuba soya sos babban cokali 3 da ɗanyar citta gurzajjiya ƙaramin cokali 1. Sai ki riƙa saka naman sala ɗaya-ɗaya kina warwarewa, kada ki jefa shi a dunƙule. Ki kwashe kumfar da ta taso. Da jan ya ɓace, wajen minti 3 ke nan, ki sauke. Kada ki ji tsoro, nama mai wannan sirantaka ya nuna har ciki. Zuciyarki za ta ce miki ki ƙara masa ko minti 10 ne, kada ki saurare ta, in kin ƙara zai ƙanƙance ya koma kamar igiya.

Ki tsoma taliyar a ruwan zafi ta ɗumama, ki raba a kwanuka masu zurfi, ki kwarara romo mai zafi, ki ɗora nama da albasa tare da ɗan ruwansu, ki watsa yankakken lawashi. A kai shi nan take, ba abincin da ake zubawa a kula ya jira maigida ba ne, taliyar za ta sha ruwa ta kumbura. Romo da nama za ki iya yi tun da rana, amma haɗawar sai mai ci ya zauna. Su ma suna da yajinsu mai haɗi bakwai da suke kira shicimi, kowa ya barbaɗa a kwanonsa, don haka ki ajiye namu yajin a gefe ba ki saɓa wa kowa ba.

Da muka dawo gida a 2021, surukata Hajiya ta zo mana kwana biyu, na ce bari in gwada mata. Ta leƙa kwanon ta daɗe tana dubawa.

"'Yar nan, wannan romo ne ko shayi aka zuba wa taliya?"

Na ce, "Hajiya a dai taɓa a ji."

Ta yi bisimilla ta ɗauki sala ɗaya ta kai baki. Haƙoranta na ƙasa sun daɗe da zubewa, shekara da shekaru nama sai dai a daka mata ko ta tsotse ta ajiye. Na ga ta tauna, ta haɗiye, ta sake miƙa hannu. Ba ta ce ya yi daɗi ba, Hajiya ba ta faɗar haka ga girkin kowa. Sai da ta kusa ganin ƙasan kwano ta ɗago ta ce, "Miƙo mini yajin nan. Kuma gobe in za ki yi, ki rage sukarin, ki ƙara naman."